Yadda ake rubuta bayanin zane don wanda ba ya gani ya ji shi da kunnensa

Ranar da na fara ɗora hoton wani zane a shafina har na cike gurbin bayanin hoto da hannuna, abin da na rubuta shi ne "kyakkyawan zane mai ban sha'awa". Ina ta jin kaina wai na yi abin kirki. Can sai ga saƙon murya daga wani abokina da ya rasa ganinsa tun yana saurayi, yana dariya yana cewa malam na ji zanen yana da kyau, to amma zanen mene ne, mutum ne, doki ne, ko kwandon shara? Wallahi kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa, ra'ayina na ba shi na riƙe zanen a wurina. Tun daga nan na fara koyon abin, kuma ga yadda nake yi yanzu.

Kafin komai ka san yadda rubutun naka yake isa wurinsu. Makaho ko mai raunin gani yana amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. A wayar Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai JAWS da NVDA, ita NVDA kyauta ce ma. Wasu ba da murya suke karɓa ba, suna da na'urar rubutun makafi da ke tura ɗigo-ɗigo ƙarƙashin yatsunsu layi bayan layi. Idan manhajar ta iso kan hoto ba ta ganin komai, rubutun da ka ɓoye a bayan hoton take nema, wanda ake sa wa alamar ALT. In babu, ko ta ce "hoto" ta wuce, ko ta kama karanto sunan fayil irin IMG_2041.jpg, ka ji fa wahala. Kuma mutanen nan ba 'yan kaɗan ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani, na kusa ko na nesa. Shi ya sa a ƙa'idojin WCAG, wato waɗanda ƙungiyar W3C ta tsara don sauƙaƙa intanet ga masu larura, sharaɗi mai lamba 1.1.1, na farkon farko ke nan, yana magana ne a kan a samar wa duk abin da ba rubutu ba madadinsa a rubuce.

Mataki na farko, kar ka rubuta komai tukuna. Zauna ka kalli zanen, minti biyu ko uku, ka ƙara girmansa a allo ka bi kusurwa-kusurwa. Yawancinmu kallon sakan biyar muke wa hoto mu ɗauka mun gani. Misali mutum-mutumin nan na Rodin mai sassaƙa, mutumin da ke zaune ya yi tagumi yana tunani, kowa ya san shi, amma tambayi mutum goma a kan wace gwiwa ya ɗora hannunsa, da wuya ka samu mai amsa daidai. Gwiwar hannunsa ta dama ce a kan cinyarsa ta hagu, jikin a murɗe yake, kuma wannan murɗewar ita ke sa ka ji mutumin a takure yake ba hutawa yake ba. Wanda bai tsaya ya kalla ba zai rubuta "mutum a zaune yana tunani" ya tashi. Ni ina ɗaukar takarda in jero duk abin da na gani ba tsari, mutane nawa, me suke riƙe da shi, haske daga ina yake shigowa, akwai rubutu a jiki ko babu. Rabin abin da na jero ba zai shiga bayanin ba, amma sai na tara sannan nake sanin na zubarwa.

Na biyu, tattaro bayanan da ke kan takardar zanen: sunan aikin, wanda ya yi shi, shekara, da me aka yi shi, da girmansa. Waɗannan ka nemo su daga shafin gidan tarihin da ke ajiye da aikin, kar ka rubuta da ka. In sun riga sun fito a rubutun da ke ƙasan hoton wanda kowa ke gani, ba sai ka sake maimaita su duka a cikin ALT ba, don manhajar za ta karanta sau biyu ne mutum ya gaji.

Maganar girma tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a allon waya duk zane girmansa ɗaya ne, tafin hannu. Mona Lisa da ke gidan tarihin Louvre a Faris santimita 77 ce a tsaye 53 a kwance, mutum ɗaya zai rungume ta, kuma a kan katako aka zana ta ba a kan ƙyalle ba. Guernica ta Picasso kuwa da ke gidan tarihin Reina Sofia a Madrid tsayinta kusan mita 3 da rabi, faɗinta ya haura mita 7 da rabi. Ka ba da lambobin, sannan ka haɗa da abin da jiki ya sani, ka ce tsayinta kamar mutum biyu ne ɗaya a kan ɗaya, kuma sai ka yi taku kusan goma kafin ka je ƙarshenta. Lamba ita kaɗai ba ta zama a kai, amma taku goma kowa ya san shi.

Na uku, jimlar farko. Ita ce mafi tsada a duk aikin, saboda mai saurare yana iya tsallakewa bayan ta, kuma haƙƙinsa ne ya tsallake, kamar yadda kai ma kake wuce hoto da yatsa. Don haka ka zuba dukkan zanen a dunƙule a cikinta: wane irin aiki ne, me ke ciki, me ke faruwa. Kar ka fara da "wannan hoton wani..." don manhajar ta riga ta sanar da shi cewa hoto ne. Amma a harkar zane dole ka faɗi nau'in aikin, fentin mai ne, zanen fensir ne, sassaƙar dutse ce, bugun katako ne (wato a sassaƙa zane a jikin katako, a shafa masa launi a buga a takarda), saboda wannan wani ɓangare ne na abin da mai ido yake gani nan take.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi har ƙarshe, Babbar Igiyar Ruwa ta Kanagawa, wadda Hokusai ɗan ƙasar Japan ya yi wajajen 1831. Ga gajeren bayanin da zan sa a ALT:

"Bugun katako mai launin shuɗi da fari. Wata ƙatuwar igiyar teku ta taso daga hagu ta lanƙwaso tana shirin rufta wa dogayen kwalekwale uku, can nesa kuma ga dutsen Fuji ɗan ƙarami da ƙanƙara a kansa."

Jimla biyu, shi ke nan. Wanda ya tsaya a nan ya san me ake magana a kai, zai iya shiga hira a kan zanen ba a bar shi a baya ba.

Na huɗu shi ne dogon bayani, kuma a nan aikin yake. Dokar da ba na karyawa: ka zaɓi hanya ɗaya ka bi ta, kar ka yi ta tsalle. Mai ido yana haɗiye hoto gaba ɗaya lokaci guda, mai saurare kuwa gini yake yi a ransa, bulo bayan bulo, in ka ba shi rufi kafin bango sai ya rushe ya sake. Hanyoyin da suka fi aiki su ne daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, daga abin da ke gaba zuwa na tsakiya zuwa na can baya, ko ka fara da babban abin da ya cika ido sannan ka zagaya gefensa. Zanen ne zai gaya maka wacce ta dace da shi. Guernica doguwa ce a kwance, don haka hagu zuwa dama ya fi: bijimi a tsaye, ƙarƙashinsa mace ta ɗaga kai sama baki buɗe tana riƙe da gawar jariri, a tsakiya doki ya wage baki, sama da shi ƙwan lantarki a cikin wani abu mai siffar ido, wata mace ta leƙo ta taga ta miƙo fitila, a ƙarshen dama wani ya ɗaga hannaye sama wuta na ci kewaye da shi. In ka fara da dokin ka koma dama ka dawo hagu, ka rikita mutum.

Kuma hagu da dama ɗin nan, ka faɗa tun farko na wa kake nufi. Ni na mai kallo nake amfani da shi kullum, sai in ina maganar jikin wanda aka zana, sai in ce "hannunta na dama" don a gane nata ne. Wasu suna amfani da fuskar agogo, su ce wata yana wajen ƙarfe 1, bishiya tana wajen ƙarfe 8, yana aiki sosai a zanen da abubuwa suka watsu, amma kar ka haɗa shi da wata hanyar a bayani ɗaya.

Ga dogon bayanin igiyar Hokusai, na fara da babban abu na bi zuwa baya:

"Takardar a kwance take, ba ta kai girman takardar A3 ba. Igiyar ta cinye kusan rabin hagu na zanen, cikinta shuɗi ne mai duhu da ratsin shuɗi mai haske, ta tashi har kusa da saman takardar sannan ta lanƙwasa zuwa dama. Bakinta farin kumfa ne da ya rarrabu ƙanana-ƙanana masu lanƙwasa kamar farata, ɗigon ruwa na zubowa daga gare su. Kwalekwale uku dogaye sirara suna bin gangaren ruwan, ɗaya a ƙarƙashin babbar igiyar, ɗaya a gaba, ɗaya a dama. Matuƙan sun duƙa a jere sun manne da jikin kwalekwalen, kawunansu ƙananan farare ne kawai. A gaba akwai wata ƙaramar igiya mai tsini wadda siffarta ta yi kama da dutse. Can baya, ta cikin ramin da igiyar ta bari, ana hango dutsen Fuji, ƙarami ƙwarai, kansa fari, sararin da ke kewaye da shi ya yi duhu-duhu. A kusurwar sama ta hagu akwai rubutun Japananci, sunan aikin a cikin ɗan akwati da sa hannun mai zanen a gefensa."

Ka lura ban ce "igiya mai ban tsoro" ba. Na ce farata, na ce matuƙa sun duƙa sun manne, na ce dutsen da ya fi kowane tsawo a Japan ya koma ɗan mitsitsi a ƙarƙashin ruwa. Tsoron zai zo masa da kansa, kuma in bai zo ba, wataƙila shi wani abu daban ya ji, wanda dama haka mai ido ma yake, ba kowa ke jin abu ɗaya a gaban zane ba. Ban kuma kira ta tsunami ba duk da mutane da yawa haka suke ce mata, don wannan fassara ce, ba abin da ke kan takardar ba ne.

Na biyar, launi. Akwai masu cewa wai me makaho zai yi da launi, sai su cire. Kuskure ne babba. Da yawa daga cikin masu larurar gani suna ɗan gani, wasu haske da duhu, wasu dishi-dishi, kuma da yawa sun yi shekaru suna gani kafin idon ya tafi, sun san ja sun san kore. Wanda aka haifa a haka ma ya san me ake nufi da ja a magana da abin da yake tafiya da shi. Don haka ka faɗi launi da sunan da kowa ya sani, shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa, rawaya mai haske, ba sai ka nemo wasu sunaye na masu sayar da fenti ba. Wani lokacin ma rashin launin shi ne labarin. Guernica baƙi da fari da ruwan toka ce kawai, zanen da aka yi a 1937 bayan an yi wa garin Guernica na ƙasar Sifen ruwan bama-bamai a watan Afrilun shekarar, kuma babu ɗigon ja ko ɗaya a ciki duk da mutuwa ce ta cika shi. In ba ka faɗa ba mai saurare zai zuba jini a nasa hoton na zuci, ya gina abin da Picasso bai zana ba.

Da launi ake haɗa yanayin fentin. A Daren Taurari na Van Gogh, na 1889, wanda ke gidan tarihin MoMA a New York, in ka ce "sararin sama da taurari da wata a kan wani ƙauye" ba ka yi ƙarya ba amma ka bar zanen a waje. Abin da ya sa aka san shi shi ne fentin mai kauri ne, an ja shi da gajerun shafa na burushi da ake iya ƙirgawa, suna juyawa kamar ruwan da ake motsawa a kwano, taurari 11 kowanne da zoben haske, ga wata doguwar bishiya baƙa-baƙa a gaba ta hagu ta miƙe kamar harshen wuta. Kwatance da abin da hannu ke taɓawa ko jiki ke ji ya fi shiga, kauri, santsi, kaushi, nauyi. Amma kwatance ɗaya ko biyu ya isa, in ka cika su sai bayanin ya koma waƙarka.

Na shida, mutanen da ke cikin zane. Nan ake yawan zamewa. Ka faɗi abin da ido ke gani: kimanin shekaru, launin fata, sutura, yadda aka tsaya, inda ido ke kallo. Launin fata kuma ka faɗe shi ga kowa, ba sai in mutum baƙi ne ba, don in kana tsallake na farare kana nuna su ne ba sai an faɗa ba. Abin da ba ka sani ba kar ka ƙirƙira. Yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u ta Vermeer, ta wajajen 1665, da ke gidan tarihin Mauritshuis a birnin Hague na ƙasar Holan, za ka ga an rubuta "tana kallon masoyinta cikin shauƙi", daga ina aka samo masoyi? Abin da ke wurin shi ne budurwa farar fata ta waiwayo ta kan kafaɗarta ta hagu tana kallon mai kallo, leɓɓanta a ɗan buɗe, ta ɗaura shuɗin ƙyalle a ka da wani rawaya yana saukowa ta baya, babban ɗan kunne yana ƙyalli, bayanta duhu ne ba komai. Idan yanayin fuska a bayyane yake, kamar kuka ko dariya, faɗe shi kai tsaye. In mai harshen damo ne, ka bayyana bakin da idon ka bar shi a haka, ko ka sa "kamar". In kuma aikin akwai tsiraici ko jini, ka faɗa a taƙaice cikin ladabi, babban mutum kake wa bayani, ɓoye masa ba gata ba ne.

Zanen da ba siffar komai a ciki, layuka da launuka kawai, mutane suna jin tsoronsa amma ya fi sauƙi. Na Mondrian na 1930: farin fili, baƙaƙen layuka masu kauri a tsaye da a kwance sun yanka shi gida-gida, babban gida ja ya cinye sama ta dama, shuɗi ƙarami a ƙasa ta hagu, ɗan rawaya a ƙasa ta dama. An gama. Sassaƙa kuwa ka ƙara da abin da aka yi ta da shi da kuma ta wane gefe aka ɗauki hoton, tunda tana da baya da ba a gani.

Tarihin aikin da ma'anarsa da ra'ayinka, duk suna da wuri, amma ba a cikin bayanin ba. Ka sa su a rubutun da kowa ke karantawa, a sakin layi na daban.

Na bakwai, ina za ka sa shi. Gajeren ya shiga gurbin ALT. A X, wato tsohuwar Twitter, in ka ɗora hoto za ka ga alamar ALT a jikinsa, yana ɗaukar haruffa har 1000. A Instagram yana cikin ƙarin saituna kafin ka wallafa, a Facebook kuma sai ka shiga gyaran hoton. A Word da PowerPoint ka danna hoton da maɓallin dama na linzami za ka gani. Za ka ji ana cewa kar a wuce haruffa 125, wannan shawara ce da ta yaɗu, WCAG ba ta sa iyaka ba, amma hikimar a taƙaita tana nan. Dogon bayanin ni na fi son a sa shi a fili ƙarƙashin hoton inda kowa zai gani, saboda mai raunin gani da yake ƙara girman rubutu ba ya amfani da manhajar murya, ba lallai ne ya ci karo da ALT ba, kuma masu ido ma sai ka ga sun ce au, ashe akwai kwalekwale na uku. Kar ka cusa hashtag ko sunan shafinka a ALT. Kar ka jera emoji, kowanne sai an karanto sunansa ɗaya bayan ɗaya. Haruffan ado ɗin nan masu lanƙwasa da ake kwafowa, manhajar ko ta tsallake su ko ta karanta su a matsayin alamomin lissafi. Ka sa aya da waƙafi yadda ya kamata, da su muryar take sanin inda za ta numfasa.

To ina batun na'ura ta rubuta maka? Facebook ya fara sa bayanin hoto da kansa tun 2016, kuma manhajoji irin Seeing AI na Microsoft da Be My Eyes suna bayyana hoto da kyau yanzu, makafi da yawa suna amfani da su kullum. Ba laifi ka nemi ta yi maka daftari. Amma ka riƙe zanen a gabanka ka bi jimla-jimla, don takan ƙara abin da babu, ta yi kuskuren ƙirga, ta kira sassaƙa mutum mai rai, kuma tana son zuba kalmomin yabo irin waɗanda abokina ya yi min dariya a kansu. Wanda kake rubuta wa ba shi da hanyar gane an yi masa ƙari, kai ne za ka tace.

Na ƙarshe, gwaji, kuma kala biyu nake yi. Ina karanta wa wani bayanin ba tare da ya ga zanen ba, in ba shi biro ya zana abin da ya ji, ko da zanen 'yan firamare ne. In ya sa dutsen Fuji ƙato a gaba, to laifina ne, ban faɗi ƙanƙantarsa da wuri ba, sai in koma in gyara. Sannan ina kunna TalkBack a wayata in rufe ido in saurari fostin ɗin yadda zai iso wa mutum. Gargaɗi ɗaya, ka koyi yadda ake kashe ta kafin ka kunna, don da ta tashi taɓa allo sau ɗaya zaɓa kawai yake yi, sai ka taɓa sau biyu abu ke buɗewa, jan allo kuma sai da yatsu biyu, ni karon farko na fi minti goma ina kokawa da wayata. A wannan sauraron za ka ji jimlar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare, da kalmar da muryar ta murɗe ba a gane ta. In kana da wanda ke amfani da manhajar kullum, tura masa ka tambaye shi me ya rage, wani zai ce ka ƙara bayanin launi, wani zai ce ka rage surutu, sai ka duba wanda ya fi yawa a masu bibiyarka ka daidaita.